Ishaku Mai Ƙirji da Giyabos ɗin Shekwolo

In ka shiga layin makanikai na Ƙetaren Gwari a Minna ka ce kana neman Ishaku, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan sun yi yawa. Amma ka ce Mai Ƙirji, ko mai sayar da kunu a bakin titi za ta nuna maka rumfarsa. Ba wai yana da wani faffaɗan ƙirji na a zo a gani ba ne. Gajeren mutum ne mai kauri, furfura a gemu, kansa kuwa sanƙo ya daɗe da gamawa da shi. A wurin aiki ya samo sunan.

Ga yadda abin yake. A garejin bakin hanya babu injin ɗaga mota, kuma ba kowa ke da rami ba. In za a sa wa mota giyabos, wato akwatin ƙarfen nan da sandar giya ke shiga cikinsa, sai a ɗaga motar da jak, a tokare ta da kututture, makanike ya shimfiɗa kwali ya kwanta rigingine a ƙarƙashinta. A jawo giyabos a ɗora masa a ƙirji da ciki. Daga nan shi ne jak ɗin. Zai ɗaga da ƙirji da gwiwoyi, ya riƙe numfashi, ya yi ta lalube har bakin ƙarfen mai haƙora ya shige cikin kuloci. Yawancin makanikai su biyu ko uku suke taruwa a kai, ana zage-zage, ana danne wa juna yatsu. Ishaku shi kaɗai yake yi. Kuma ba na ƙananan motoci ba, na a-kori-kura masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda giyabos ɗinsu ke zuwa da wani ƙaramin akwati manne a bayansa, nauyin duka biyun ya kusa buhun masara.

Kakansa Bakatsine ne, aikin shimfiɗa layin dogo ya kawo shi Minna, ya ga gari ya yi masa, ya zauna. Ubansa a shagon gyaran kan jirgi ya yi aiki har ya tsufa, don haka Ishaku ya san warin baƙin mai tun kafin ya san na turare. Da harkar jirgi ta yi sanyi, uban ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani makaniken mota, ya ce, “Ga shi nan, ƙarfe dai duk ƙarfe ne.” Tun daga ranar Ishaku bai taɓa sha'awar wata sana'a ba. Bai kuma taɓa ce wa mai mota “zan gwada” ba. Abin da yake cewa kawai, “Kawo ta.” Zai shiga ya tuƙa daga gareji zuwa Kpakungu ya dawo, kansa a karkace yana saurare, ya fito ya faɗa maka abin da ya lalace a ciki kafin a kwance ko noti ɗaya. Yana da cika baki, wallahi yana da shi, amma abin haushin shi ne ba a cika kama shi da kuskure ba.

Rumfar da ke jikin tasa ta Ndakotsu ce, wani dogon Banufe mai dariya kamar ana buga ganga. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, to waɗannan biyun sun ɗauke shi tamkar aikin albashi. Da safe Ndakotsu zai leƙo ya ce, “Bawana, ka share min rumfa kuwa?” Ishaku ya ce, “Ka ji ɗan banzan bawa, ubangidanka kake aika?” Sifana ɗaya sai ta yi yawo tsakaninsu har a manta ta waye. Amma a kan giyabos babu wasa. Ndakotsu ma gwani ne, ya kuma san cewa in aka zo da babbar mota Mai Ƙirji ake fara tambaya, abin yana ɗan ci masa rai ko da bai faɗa ba.

To, jiki ba ƙarfe ba ne. Wani kumburi ya fito wa Ishaku a mara, in ya kwanta ya koma, in ya yi nishi ya fito. Ya san ƙaba ce, ya ɓoye. Sai wata Juma'a a masallaci ya yi sujada ya kasa ɗagowa, aka kwashe shi sai asibiti, aka yi masa aiki. Likitan bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce abin da ya fi bokitin ruwa nauyi kada ya ɗauka sai an ga yadda hali ya yi, giyabos a kan ciki kuwa ya manta da shi har abada, don in ɗinkin ciki ya ɓalle hanji na iya shaƙewa, kuma ba kowa ake kaiwa asibiti a kan lokaci ba.

Matarsa Rabi'atu tana wurin aka faɗa. Ba ta yi kuka ba, ba irin matan nan ba ce. Sai da suka koma gida a Fadikpe, ta ajiye masa ruwan zafi, ta zauna a bakin gado ta ce, “Malam, tun ina amarya nake wanke baƙin mai, ka taɓa jin na yi ƙorafi?”

“Ban taɓa ba.”

“To yau zan roƙi abu ɗaya. Ka rantse min ƙarfen nan ba zai sake hawa cikinka ba.”

Ya so ya mai da abin wasa, ya ga fuskarta ba ta wasa ba ce. Ya ce wallahi ba zai sake ba. Ishaku kuwa duk cika bakinsa ba ya wasa da rantsuwa.

Da ya koma gareji bai gaya wa kowa abin da likita ya ce ba. Cewa ya yi ya warke sarai. Ya riƙa yin ƙananan ayyuka, birki, wayar wuta, sauraren inji. In aka zo da aikin giyabos sai ya ce hannunsa a cike yake, a kai wa na kusa. Na kusa kuwa Ndakotsu ne. Aka kai ɗaya, aka kai biyu, abu ya zama kullum, har Ndakotsu ya fara leƙowa yana cewa, “Bawana, ƙirjin nan ya koma na kaza ne?” Ishaku ya yi dariya ya rama, amma a ransa abin yana ƙuna. Ba yunwa yake tsoro ba, 'ya'yansa sun kawo ƙarfi. Abin da yake tsoro shi ne ranar da za a nuna shi a kan benci a ce, “Wancan tsohon ai da can shi ne Mai Ƙirji.” Sunan nan shi ne abin da ya tara a duniya, kuma yana ji yana gani yana zamewa daga hannunsa.

Ana cikin haka, tsakiyar damina, sai ga Shekwolo a kan acaɓa, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Shekwolo manomin doya ne, Bagbagyi, Kirista, tungarsu tana can bayan Beji, an ƙetare wani rafi. Ya girmi Ishaku. Abotarsu ta samo asali ne daga wata tsohuwar a-kori-kura fara mai ja da ƙafa huɗu da Shekwolo ya saya tun 'ya'yansa suna ƙanana, wadda ba a taɓa sa mata sifana ba sai ta Ishaku. Ita ce kaɗai motar da ke iya shiga tungar da damina. Giyabos ɗinta ya daɗe yana ba da sanarwa. Sandar giya takan fice da kanta a kan gangara, Shekwolo ya ɗaure ta da robar tib ɗin taya ya ci gaba da harkarsa, duk faɗan da Ishaku ke yi masa. Yanzu dai ta yi ƙara ta tsaya cak a ƙofar gidansa, ga sabuwar doya an haƙe an tara, ga shi babu motar da za ta iya shiga ta jawo ta.

Shekwolo ya riga ya aika Kaduna an kawo masa wani giyabos na tokumbo, wato na hannu daga waje, yana ajiye a Beji. Shi ne kuma mutum ɗaya a wajen iyali da ya san gaskiyar ciwon, don ya je asibiti da kaza da doya a lokacin, ya ji komai da kunnensa, rantsuwar ma Ishaku ya gaya masa daga baya. Saboda haka ya rage murya ya ce, “Abokina, ban zo in ce ka ɗauka ba. Ka nemo min wanda ka yarda da shi.”

Kunnen Ndakotsu ba ya barci. Daga rumfarsa ya ɗaga murya, “Baba Shekwolo, ga ni nan! Ka bar tsoho ya huta.”

Da bai yi maganar ba, wataƙila da Ishaku ya haƙura. Sai ya miƙe ya fara zuba sifanu a jaka. Ya ce, “Motar nan ni na san ta, ita ma ni ta sani. Gobe da safe muna hanya.”

A gida ya gaya wa Rabi'atu cewa nuni kawai zai yi, samarin tunga su ɗaga. Ba ƙarya ya yi mata ba, haka ya ɗauka. Ta dube shi ta ce, “Ka dai tuna ka rantse.”

Suka kama hanya da sassafe. Daga Beji aka ɗaure giyabos a bayan babur irin na masu dakon doya, aka tura shi cikin rafin da ƙyar, ruwa har cinya. Suna isa tunga mai babur ya sauke kaya ya juya, yana tsoron kada ruwa ya ƙaru ya tare shi. Ishaku ya duba hagu ya duba dama. Ga mata suna ta shigowa daga gona da doya a manyan ƙore, kowace ta ɗora a kafaɗa ta bayan wuya kamar yadda matan Gbagyi ke yi. Ga tsofaffi biyu a gindin mangwaro. Ya ce, “Ina samarin?”

Shekwolo ya sosa ƙeya. Ashe samarin tungar duk sun tafi haƙar zinare, sai ƙarshen wata ake ganinsu. Kunya ce ta hana shi faɗa tun a Minna, bayan abin da ya faru a gaban Ndakotsu.

Ishaku ya kama aiki. Ya cire kan batir, ya shiga gaban motar ya kwance kujera ya fitar, ya zare sandunan giya biyu, babbar da ƙaramar da ke sa ƙafa huɗu, ya bar rami a buɗe a daɓen motar. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfelar baya da ta gaba, ƙarafan da ke kai juyi ga tayoyi, ya cire kik ɗin tayar da inji, ya kwance ƙarfen da ke tallafe da giyabos. Hannunsa yana tafiya shi kaɗai, ko dubawa ba ya yi. Sauke tsohon bai ba shi wahala ba, don saukarwa dabara ce ba ƙarfi ba. Ya sa aka cika buhuna da ƙaiƙayin shinkafa aka jera a ƙarƙashi, ya zame giyabos baya ya zauna a kansu, ya riƙa zare buhu ɗaya bayan ɗaya har ƙarfen ya kai ƙasa, aka ja shi waje da igiya. Da ya buɗe murfin, haƙoran giya suka zubo kamar tsakuwa. Ya ɗebo a tafin hannu ya nuna wa Shekwolo ya ce, “Ga robar tib ɗinka nan.”

Ya sa sabon faifan kuloci. Ƙarfen da ake daidaita shi da shi ya manta a Minna, bai damu ba. Ya karɓi tsohuwar ƙotar fartanya ya fere ta da wuƙa daidai ramin, ya zura, faifan ya zauna a tsakiya, ya ɗaure. Har nan komai lafiya, har yana 'yar waƙa.

Sai aka zo wurin da babu dabarar buhu. Sabon giyabos yana kwance a ƙasa ƙarƙashin motar, inda zai shiga yana sama, tsakaninsu bai wuce kamu ɗaya ba. Wannan ɗan kamun shi ne duk aikin. Ishaku ya tuɓe riga kamar yadda ya saba.

Shekwolo ya ce, “Ishaku, ka rantse wa matarka fa.”

“Na sani.”

“Bari in kama maka.”

“Da wane bayan? Kai da ko takalmi sai ka zauna kake sawa.”

Ya shiga ya kwanta a gefen ƙarfen. A ransa yana cewa ai a kan ciki ya rantse, bai rantse a kan hannu ba. Ya sa hannu biyu ya ɗan ɗaga gaban, ɗan kaɗan kawai. Nan take ya ji wani abu ya ja a mararsa, siriri, kamar an soka allura an bar ta. Ya saki. Zufa ta karyo masa, ba ta zafi ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a ƙarƙashin mota ba. Ga rafi tsakaninsa da titi, ga titi tsakaninsa da asibiti. Ya kuma san in ya fito ya ce a kira Ndakotsu, shi ke nan, kafin ya isa Minna labari ya riga shi.

Yana kwance yana kallon sama, sai ya ga fuska ta leƙo ta ramin sandar giya. Rose ce, matar Shekwolo, wadda kowa ke kira Maman Destiny. Mace ce mai jiki, muryarta ba ta san raɗa ba.

“Oga Ishaku, me kake shirin yi a nan?”

“Aiki, Maman Destiny.”

“Wannan ƙarfe za ka ɗora a kanka?”

“A ƙirji. Haka ake yi.”

“Wa ya ce haka ake yi?”

Ubangidansa haka ya yi, wanda ya koya wa ubangidan ma haka ya yi, ba wanda ya taɓa tambaya.

Ta ce, “Mu ko doya ɗaya ba ma ɗora wa kai, don a nan hankalin mutum yake. Kai kuma ka rasa inda za ka ajiye ƙarfe sai inda zuciya take? Haba, Oga! Da wannan ɗinkin naka?”

Ashe ita ma ta sani. Ya ji kunya, kunyar ta koma haushi, ya ce, “To a ina kike so in ɗauka?”

Ta bugi kafaɗarta da tafin hannu, ƙarar har ƙarƙashin motar. “Ga wurin kaya nan. Allah ya yi shi don haka.”

Ishaku ya ɗaga ido. Yana kallon ramin da fuskarta ta cika, yana kallon bayan giyabos da ke daidai ƙarƙashin ramin. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, “Maman Destiny, kuna da azara doguwa? Wadda za ta ratsa gaban motar nan ta fito ta ƙofa biyu?”

“Akwai a rumfar doya.”

“Mata nawa za ki iya samo min?”

Ta yi dariya ta ce, “Nawa kake so?”

Aka zaro azara daga rumfa, aka buɗe ƙofofin motar biyu aka ratsa ta, kowane kai ya fito waje. Ishaku ya ɗauki igiyar ɗaure kaya ya zagaye cikin giyabos da ita, ya gwada ya sake gwadawa har ya sami inda nauyin gaba da na baya suka daidaita, ya zura bakin igiyar ta ramin, Shekwolo ya ɗaure a tsakiyar azara. Rose ta kirawo mata uku, ita da Christiana suka tsaya a dama, Susan da Vivian a hagu. Suka naɗe tsumma a kafaɗa, suka durƙusa, suka shiga ƙarƙashin azarar suna ta magana da yarensu suna dariya, da alama shi suke yi wa.

Daga ƙasa ya ce, “Bismillah. Ku tashi a hankali.”

Suka miƙe tare, ba wadda ta riga wata. Igiya ta miƙe, ta yi ƙara, giyabos ya bar ƙasa ya taso yana lilo a hankali a saman cikinsa, bai taɓa shi ba. Tabɗi! Ƙarfen da ya yi shekara da shekaru yana danne masa numfashi, ga shi yana juya shi da yatsu.

“Sama kaɗan. Ya isa. Ɓangaren Susan, ƙasa kaɗan. Tsaya nan!”

Bakin ƙarfen ya shiga ramin kuloci, ya tafi rabi, ya tsaya. Ya tura, ya ƙi. Ya girgiza, ya ƙi. Haƙoran ba su haɗu ba. A sama dariya ta ɗauke. Yana jin numfashin matan, yana ganin ƙafafun Vivian suna rawa a cikin taɓo, azara ta fara sauka ta gefenta. A nan ne jikinsa ya so ya ci amanarsa. Bai ba su umarni ba, gwiwoyinsa suka taso da kansu za su tallafi ƙarfen, bayansa ya fara banƙarewa, ƙirji yana neman kaya kamar yadda ya saba. Saura ƙiris fatar cikinsa ta taɓa ƙarfe.

Rose ta hango ta ramin ta daka masa tsawa, “Sauke ƙafar nan! Mu muke ɗauka!”

Ya sauke. Ya kafa dugadugansa a ƙasa ya danne su da gangan. Ya ja numfashi, cikakke, abin da bai taɓa samu ba a wannan matsayi. Da numfashin sai hankali ya dawo. Ya miƙa hannu ta saman akwatin ya tura giya ta shiga, ya kai ɗaya hannun baya ya kama inda farfela ke ɗaurewa, ya murɗa kaɗan, ya ƙara kaɗan. Ya ji haƙori ya sami ɗan'uwansa. Giyabos ya zame gaba ya manne da inji, ƙas!

“Kada ku saki!” Ya zura noti ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ya ɗaure, ya mai da ƙarfen tallafi. Sannan ya ce, “To, ku sauke.”

Matan suka zame daga ƙarƙashin azara suna murza kafaɗa. Christiana ta tambaya ko shi ke nan abin da maza ke ta kuri a kai. Shi kuwa bai fito nan da nan ba. Ya ɗan jima a kwance, hannunsa a kan mara, yana jin wurin shiru lafiya. Daɗi ya cika shi, da wani ɗan haushi a ciki, don ramin nan yana jikin kowace mota da ya taɓa gyarawa.

Sauran aikin wasa ne. Ya mai da farfeloli da kik da sanduna da kujera da kan batir. Ya cika akwatunan biyu da man giya, don na tokumbo a bushe suke zuwa, wanda ya manta da wannan zai sake sayen wani kafin ya kai titi. Aka loda doya. Shekwolo ya miƙa masa makulli, ya tayar, ya sa ta ɗaya, ta biyu, sandar tana shiga sumul. A bakin rafi ya ja ƙaramar sanda, motar ta yi gurnani ta kama ƙasa da ƙafa huɗu, ta ratsa ruwan ta haye gangaren taɓo ba ta ko yi tari ba. Matan a baya kan doya suka rangaɗa guɗa.

A Beji waya ta sami layi, kiran Rabi'atu ya shigo. Ba ta ko gaishe shi ba ta ce, “Ɗinki yana nan?”

“Yana nan.”

“Rantsuwa fa?”

“Ita ma tana nan.”

“To ka taho min da doya.”

Da suka sauke kaya suka kama hanyar Minna su biyu, Shekwolo ya ce, “Abokina, daga bakina ba wanda zai ji. Matan nan ma ba sa zuwa Ƙetaren Gwari. Ka ce kai ka ɗauka.” Maganar ta yi wa Ishaku daɗi, ba zai ɓoye wa kansa ba.

Ana gab da la'asar farar a-kori-kura ta shigo layin makanikai da taɓo har gilashi, Ishaku a kan sitiyari. Aka fito daga rumfuna ana tafi. “Mai Ƙirji ya dawo! Mai Ƙirji!” Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa. Ndakotsu ya matso yana goge hannu, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɗago ya ce, “Bawana, kai kaɗai? A ƙirji?”

Murmushi kawai Ishaku zai yi, magana ta ƙare. Amma ya san in ya karɓi wannan tafin, gobe za a kawo wata mota, a taru a kewaye shi ana jiran a ga Mai Ƙirji, kuma a ranar babu Rose. Ya sauko ya rufe ƙofa.

“Mata huɗu ne suka ɗauka a kafaɗa, da azara da igiya. Ni yatsu kawai na sa. Likita ya hana ni, kuma ba zan sake ɗora giyabos a cikina ba har in mutu. Wanda yake son aikina ya kawo, zan sa masa ya zauna daram. Wanda ƙirji yake nema ya yi gaba.”

Sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce daga yau sai a kira shi Mai Azara, wani ya ce a ɗauko masa zani. Dariyar ta yi masa zafi, ƙarya ne a ce ba ta yi ba. Ya tsaya a wurin ya shanye ta, bai sunkuyar da kai ba. Abin da ya lura da shi kawai, muryar da ta fi ta kowa ƙarfi a layin ba ta cikin masu dariyar.

Aka kira salla, mutane suka watse. Ishaku ya ɗauki buta ya zagaya bayan rumfa. Yana tsugune sai ga Ndakotsu ya biyo shi, ba buta a hannunsa. Ndakotsu ya waiga ya ga ba kowa, ya ɗaga rigarsa. Ashe ya naɗe mararsa da tsumma tamau, zagaye a kan zagaye, duk da haka wani kumburi ya turo ta ƙasa, ya fi wanda aka yanke wa Ishaku girma.

Ishaku ya ajiye butar. “Tun yaushe?”

“Tun bara.”

“Duk motocin da na riƙa turo maka...”

“To wa zai ɗauka? Kai ka ce ka warke. In ce ni na kasa?”

Ishaku ya tuna kowace a-kori-kura da ya ce a kai wa na kusa, ya ji kamar shi ya ɗauki ƙarfen da hannunsa ya ɗora wa mutumin nan a kan ciwo.

Ndakotsu ya saki rigar. Babu wasa a muryarsa, bai kuma ce bawana ba.

“Ishaku, igiyar nan, ta ina aka zura ta?”

“Gobe da safe ni zan kai ka asibiti,” in ji Ishaku. Ya miƙe ya kama hannunsa. “Yanzu zo ka gani, kafin Shekwolo ya tafi da motar.”